Mazubin alminiyam, na silikon ko na POP: wanne ya dace da mai haɗa koton kifi a gida?

Wanda ya fara haɗa koton kifi da hannunsa, ko tanar roba ce ko ƙugiya mai kan dalma, ba ya jimawa sai maganar mazubi ta sha masa kai. A hotunan intanet na alminiyam ne ke ɗaukar ido, an sassaƙa shi tsaf, koto na fitowa daga cikinsa sumul yana sheƙi. Kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne, balle an haɗa da kuɗin jirgi da canjin dala. Na silikon, wato wata roba mai laushi da ke jure zafi, da na POP, farin garin silin, kuwa mutum na iya yin abinsa a tsakar gida. Abin da ya kamata ya raba gardamar shi ne yadda kowannensu ke yi da zafi. Alminiyam yana zuƙe zafi nan take, silikon da POP suna barinsa a jikin abin da aka zuba. Kusan duk wani kyau da duk wata ɓarna da za ka gani a jikin koto daga nan suke tasowa.

Abubuwa biyu ake zubawa, halinsu kuma ba ɗaya ba. Na farko robar nan mai laushi da ake kira filastisol. A Amurka aka fara harkar: a 1949 wani ma'aikacin injin ƙarfe mai suna Nick Creme, a birnin Akron na jihar Ohayo, ya zuba tanar roba a mazubin da ya ɗauko siffarsa daga tana ta gaske. A farkon shekarun 1970 kamfanin Mister Twister ya fito da koto mai lanƙwasasshiyar wutsiya, siririya, wadda ke kaɗawa idan ana jan zare. Irin wannan wutsiya ce ke tona asirin mazubi har yau, domin idan roba za ta daskare a hanya, a nan take daskarewa.

Filastisol a cikin jarka fari yake, garin PVC ne, irin robar bututun ruwa, a cikin wani mai. Idan aka ɗora shi a wuta yana fara kauri, ya zama guda-guda har mutum ya ɗauka ya lalace, sannan ya saki ya yi garau yana zuba idan ya kai wajen digiri 177 a ma'aunin Salshiyas. A takardun 'yan Amurka za ka ga an rubuta 350, wannan ma'aunin Faranhait ne, kada a rikita su. Da zarar ya haura 190 yana neman 200, sai ya fara yin rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya tashi hayaƙi mai yaji da ke cin maƙogwaro da huhu. Tazarar da ke tsakanin dahuwa da ƙonewa ƙarama ce ƙwarai.

Na biyu dalma. Tana narkewa a digiri 327, ana kuma zuba ta tana tsakanin 370 da 400 don ta gudana sosai. Shi alminiyam sai ya kai 660 yake narkewa, saboda haka dalma ba ta narka mazubinsa.

Idan aka auna yadda zafi ke ratsa jikin abu, alminiyam ya ninka baƙin ƙarfe sau uku zuwa huɗu, ya ninka silikon sau ɗaruruwa. Ma'anar wannan a wurin aiki ita ce: daga lokacin da roba mai zafi ta taɓa bangon alminiyam, fatarta ta waje ta fara daskarewa ke nan, tun kafin sauran ya isa ƙarshen ramin. Idan mazubin na da sanyi, jikin koton zai cika, amma wutsiya ta fito guntuwa, ko ƙafafun su fito rabi, ko ka ga wani layi a jiki inda roba ta tsaya ta jira wata ta zo ta same ta. Sabon shiga yakan ɗauka laifin robar ne, sai ya ƙara mata wuta, ta ƙone, ya yi asarar kofi guda. Maganin yana wurin mazubin. Duk mai suyar waina ta san ba a zuba ƙullu a tanda mai sanyi, ta kuma san idan tandar ta wuce kima wainar ƙonewa take yi cikinta ɗanye. Mazubin alminiyam haka yake, yana da nasa daidai, aikinka shi ne ka kai shi wurin ka kuma tsare shi a wurin.

Ga roba, daidai ɗin bai da nisa: ɗumin da hannu zai iya jurewa na ɗan lokaci, wajen digiri 40 zuwa 60. Wasu na ɗora mazubin a kan risho na lantarki da aka rage wa wuta, wasu kuma suna yin zubi biyu ko uku na farko da niyyar ɗumama shi kawai, su mayar da abin da ya fito cikin kofi a sake narkawa. Filastisol na karɓar maimaici, muddin ba a ƙona shi ba. A nan yanayinmu yana da tasiri sosai. Da bazara a Sakkwato ko Maiduguri, mazubin da aka ajiye a rana na ɗan lokaci ya riga ya kai inda ake so, wani lokaci ma ya zarce. Da sanyin safiyar hunturu kuwa, ƙarfen da ya kwana a shago sai an ɗumama shi, sirinjin da ake ɗura robar da shi ma haka, domin shi ma na alminiyam ne, yana satar zafin robar tun kafin ta shiga mazubi.

Ɗaya ɓangaren, wato zafi ya yi yawa, shi ne wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba. Lissafi mai sauƙi: mazubi mai nauyin kilo ɗaya, idan aka ɗura masa roba giram 60 mai zafin digiri 165, zafin da zai karɓa ya isa ya ɗaga shi da kusan digiri 10. Iska na rage wani abu tsakanin zubi da zubi, amma idan kana sauri, bayan zagaye kaɗan ƙarfen ya ɗauki zafin da hannu ba ya taɓawa. Daga nan sai abubuwa su juye. Robar ba ta daskarewa da wuri, tana samun lokacin kutsawa cikin tsagin da ke tsakanin ɓari biyu, koto ya fito da geza a gefe. Ka buɗe a lokacin da ka saba buɗewa, ka ja, ya miƙe ya lanƙwashe, kuma a haka zai zauna. A koto mai kauri za ka ga loɓawa a ciki ko a gadon baya, saboda roba tana tsukewa idan tana hucewa, wurin da ya fi daɗewa da zafi shi ne ke biyan bashin. Shi ya sa masu zubi ke riƙe sirinji a danne na ɗan lokaci bayan ramin ya cika, su kuma ƙara roba a bakin mazubin yayin da take nutsewa, don koton ya riƙa ja daga can.

Sanyaya alminiyam ba wuya, wannan na cikin alherinsa. Ka buɗe shi ka ajiye a gaban fanka, ko ka kwantar da shi a kan wani faffaɗan ƙarfe mai sanyi, nan da nan ya sauko. Mai mazubi biyu ko uku yana juya su, wannan na hucewa wancan na aiki. Abin da ba a yi shi ne tsoma shi a ruwa. Ɗigo ɗaya da ya maƙale a lungu ya isa ya sa roba mai zafi ta yi tsartuwa, ita kuwa idan ta sauka a fata mannewa take yi ta ci gaba da ƙuna. Da dalma abin ya fi haka muni, za mu zo kansa.

Akwai wani tarko game da ma'aunin zafi irin na bindiga, wanda ake haskawa daga nesa. A kan alminiyam mai sheƙi ƙarya yake yi, yana nuna ƙasa da gaskiya sosai, har mazubin da zai ƙona yatsa ya nuna kamar ɗumi kawai gare shi. Ka manna ɗan baƙin tef a bayan mazubin da kake zuba roba a ciki, ko ka shafa baƙin fenti ko baƙin hayaƙi a wuri guda, ka riƙa aunawa a nan. Haka kuma a cikin kofi, saman robar kaɗai yake gani, sai ka motsa ta sosai kafin ka haska.

Duk da wannan hidima, abin da alminiyam ke bayarwa babu wanda ke bayar da shi. Cikin minti biyu zuwa biyar ka buɗe ka cire. Ɓari biyun suna haɗuwa daidai, ana matse su da ƙarfi ba tare da sun sauya siffa ba, don haka ana iya ɗura roba da sirinji ta cika ramuka da yawa a lokaci guda, koto ya fito zagaye ta kowane gefe. Wanda aka sassaƙa da injin kwamfuta yana ba koto sheƙi ba tare da an shafa komai ba. Kuma ba ya tsufa da zubin roba. In ba a kankare shi da ƙarfe ba, ba a yar da shi a kan siminti ba, ɗa zai gada.

Silikon kishiyarsa ne ta kowace fuska. Ba ya shan zafi, saboda haka roba tana daɗewa tana gudana a cikinsa, siririyar wutsiya tana cika ko da hannu ka zuba daga kofi, ba sirinji, ba ɗumamawa. Ga mai son koto mai launi biyu, baya duhu ciki fari, wannan babbar garaɓasa ce: kashin farko yana nan da ɗuminsa lokacin da za ka zuba na biyu, sai su kama juna. A alminiyam mai sanyi kashin farko ya riga ya daskare, launukan biyu suna iya rabuwa a bakin kifi. Silikon yana kuma lanƙwasuwa, don haka siffa mai lungu da saƙo, irin ta kwaɗo ko jatan lande, tana fita ba tare da ta yage ba. Yana ɗauko duk abin da ke jikin samfurin da aka zuba shi a kai, har zanen ɓawon kifi, har kuma aibin da ba ka lura da shi ba.

Farashin wannan sauƙi shi ne jira. Zafin da bai shiga jikin mazubi ba yana nan cikin koton, sai ka ba shi minti goma ko fiye, idan mai kauri ne. Bayan wasu zagaye silikon ɗin ma ya ɗumama, kuma shi ba ya hucewa da wuri. Ba ya son matsi: ka matse ɓari biyu da ƙarfi ramin ya baje, ka sassauta roba ta tsiyaye. A hankali yana shan man da ke cikin filastisol, ya kumbura, gefuna su fara tsagewa. Silikon na zubi, mai ruwa biyu da ake haɗawa, shi ma daga waje ake kawo shi, ba shi da araha. Wasu na amfani da na kwalba wanda masu tagogi ke liƙe gilashi da shi, su kwaɓa shi da garin sitaci don ya bushe har ciki. Yana yin aiki na ɗan lokaci don gwada siffa, amma kada a sa ran daɗewa.

POP, wato farin garin nan na silin, shi ne mafi arha kuma ana samunsa a kowace kasuwar kayan gini. Ina ganin an raina shi fiye da kima. Wajen zafi ɗan'uwan silikon ne, yana barin roba ta gudana a natse. Ka sassaƙa samfurinka da itace ko sabulu, ka manna shi a gindin ƙaramin akwati, ka shafa mai, ka kwaɓa POP ba kumfa ka zuba, ka bubbuga gefen akwatin iska ta fito. Abin da zai fito mazubi ne mai fuska ɗaya, koto mai baya shimfiɗe, kuma kifi bai damu da wannan ba. Matsalarsa ruwa. POP da ya daskare yana ɗauke da ruwa mai yawa a jikinsa, sai ya sha rana kwanaki kafin ya bushe, hunturu ne lokacinsa, damina kuwa wahala ce. Kada a gasa shi a wuta don sauri, domin zafi mai yawa na fitar da ruwan da ke riƙe da shi, ya koma gari. Bayan ya bushe dole a toshe ƙofofin jikinsa da gam mai ruwa biyu da aka tsinka, ko farin gam na kafintoci, shafi biyu ko uku. In ba a yi ba, iska na fitowa daga jikinsa ta cika koton da ƙuraje. Gefunansa na ɓantarewa, kuma idan ya faɗi shi ke nan. Amma idan ya fashe, kuɗin wani bai kai na kwanon abinci ba.

Masu injin buga abubuwa na 3D su sani robar da aka fi amfani da ita, PLA, tana laushi tun a wajen digiri 60. Ta yi kyau don yin samfuri, ba don karɓar filastisol ba.

Akwai hanya ta huɗu da ta dace da mu, ita ce a kai wa maƙeran da ke zubin tukwanen alminiyam. A Panteka ta Kaduna, a Kano, a kasuwar Katako ta Yamai, akwai mutanen da kullum suke narka tsofaffin fiston da gwangwani suna zubawa a ƙasa, su fito da tukunya da ludayi da tanda. Wanda ya iya wannan zai iya zuba maka ɓari biyu na mazubi idan ka kai masa samfuri mai kyau. Wajen zafi, abin da zai ba ka alminiyam ne sak, da saurinsa da buƙatar ɗumamawarsa. Sai dai ka san abin da za ka karɓa. Zubin ƙasa yana fitowa da kaushi, koto ba zai yi sheƙi ba sai ka goge ramin. Yana iya zuwa da ƙananan ramuka na iska, roba ta shiga ta maƙale. Alminiyam yana tsukewa da ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 100 idan ya huce, ba damuwa ga jikin koto, amma damuwa ce ga gurbin ƙugiya, gara a fasa wannan da hannu daga baya. Babban aikin shi ne fuskokin biyu. Ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, ka riƙa goga kowane ɓari kana juyawa har ya kwanta, sannan a huda a sa ƙusoshi biyu da za su riƙa daidaita su. Ka ce wa maƙerin ya bar kauri, kada ya yi maka tsimin ƙarfe. Mazubi siriri yana zafi da wuri, yana hucewa da wuri, ba ya tsayawa a wuri ɗaya balle ka kama lokacinsa, kuma yana saurin karkacewa. Da bakin reza ko siririyar zarto za ka ja 'yan layuka marasa zurfi daga ƙarshen wutsiya zuwa waje, don iskar da roba ke korawa ta sami mafita. Sau da yawa wutsiyar da ta ƙi cika ba sanyi ne ya hana ta ba, iska ce ta tare hanya.

Idan aka zo kan dalma, gardamar ta gajarta. Silikon na yau da kullum yana jure wajen digiri 200 da ɗoriya. Ko wanda aka yi musamman don zafi, irin Mold Max 60 na kamfanin Smooth-On, iyakarsa 294, ƙasa da inda dalma ke narkewa. An yi shi ne don kuza da makamantanta, ita kuza a 232 take narkewa. Mutane na zuba dalma a silikon su samu 'yan ƙwayoyi kafin ya ƙone, amma wannan cin mazubi ne. POP kuma haɗari ne kai tsaye. Ruwa idan ya zama tururi yana faɗaɗa kusan sau 1,700, kuma a ƙarƙashin narkakkiyar dalma a ƙiftawar ido yake yin haka, ya watso ta sama, fuska da ido. POP da kake ganin ya bushe yana iya jan laima daga iskar damina cikin dare ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya sayi wannan kasada ba. Ga dalma, zaɓin na tsakanin alminiyam da baƙin ƙarfe ne. Baƙin ƙarfe yana daɗewa kafin ya ɗauki zafi, idan ya ɗauka kuma yana riƙewa, ga nauyi a hannu, ga tsatsa. Alminiyam bai da nauyi, ba ya tsatsa, yana shiga aiki da wuri. Shi ya sa kamfanoni irin Do-It na jihar Ayowa suke yin nasu da shi, da maratayi irin na ƙofa a baya da mariƙin katako.

Nan ma sanyi ne abokin gaba na farko, sai dai daidai ɗin ya yi sama sosai, wajen digiri 150 zuwa 200. Dalma a mazubi mai sanyi tana fitowa da tamoji, kai ya cika amma wuyan da ke riƙe roba ya fito rabi. Ana ɗora mazubin a bakin tukunyar narki ya ɗauki zafi, sannan a yi zubi da yawa ba ƙugiya har sai sun fara fitowa sumul. Ƙugiyar kanta idan tana da sanyi tana daskarar da dalma a kewayenta, don haka a ajiye su kusa da wuta su ɗan ɗumama. Baƙin hayaƙin kyandir a cikin ramin yana taimakawa: ka riƙe buɗaɗɗen mazubi a saman harshen wuta har ya yi baƙi, wannan siririn shafi yana rage saurin da ƙarfen ke zuƙe zafi, yana kuma sa abin ya fita da sauƙi. Mai kuwa, ko ɗan kaɗan ya shiga ramin, tamoji zai kawo, a tsaya da shi a maratayi kawai. A zuba da sauri, a tashi ɗaya, da ludayin ƙarfe da ya riga ya yi zafi. Idan abin ya fara fitowa da fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, ko dalmar bakin mazubi ta daɗe ba ta daskare ba, zafi ya yi yawa, a buɗe a bar shi ya sha iska.

Kuskure biyu ne ke kashe mazubin alminiyam a hannun mai gawayi. Ɗaya, cusa shi cikin garwashi don ya yi zafi da wuri. Wutar gawayi da ake hurawa ta wuce digiri 660 nesa, kuma tun kafin ya narke zai yi laushi ya karkace, fuskokin su daina haɗuwa har abada. Na biyu, bugunsa da ƙarfe ko zaƙulo dalma da sukundireba. Ƙarfe ne mai taushi, duk ƙarzanar da aka yi masa za ta fito a jikin kowane zubi. Haka kuma kada a narka dalma a tukunyar alminiyam. Mazubi yana taɓa dalma na ɗan lokaci ne, tukunya kuwa tana zaune a kan wuta ɗauke da nauyi, gindinta na iya ɓallewa ba gargaɗi. Tukunyar baƙin ƙarfe ake nema, wadda ba za ta sake komawa madafi ba.

Dalmar ma sai an zaɓa. Mai laushi, wadda farce ke yi wa alama, ta fi cika ƙananan ramuka. Ta gefen tayar mota tana da gauraye, ta fi tauri, tana kuma son ƙarin zafi. Cikin irin waɗannan akwai na zinki, waɗanda idan suka narke a tukunya suke mayar da dalmar dunƙule-dunƙule ta ƙi zuba. Batirin mota kuwa a bar shi. Ga asid, ga dattin da ke taso masa wanda idan ya haɗu da laima yake fitar da iska mai guba.

Ba zan wuce wannan wuri da sauri ba, domin mu ba labari muka ji ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kuma ta hanyar ƙura ce, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje inda yara ke rarrafe. Dalmar tukunyarka da waccan guba ɗaya ce. Dattin da kake kwashewa daga saman narki, da garin da ke zuba idan kana gogewa, su ne abin tsoro fiye da hayaƙin. A yi aikin a waje, nesa da madafi da wurin wasan yara, a tara dattin a gwangwani mai murfi, a wanke hannu kafin a ci ko a sha, a cire kayan aikin kafin a ɗauki yaro. Mace mai ciki kada ta kusanci wurin. A Ingila tun 1987 aka hana ƙananan dalmomin fatsa saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su suna mutuwa. Wanda zai iya sayen kuza, tana zuba a mazubi ɗaya da ƙarancin zafi, sai dai nauyinta bai kai kashi biyu cikin uku na dalma ba sosai, dole koto ya ƙara girma kafin ya nutse daidai.

To wa zai sayi me? Ya danganta da kifin da kake nema da yawan abin da za ka zuba. Mai neman giwan ruwa a Kainji ko Jebba ko Tiga yana buƙatar koto babba mai kama da ƙaramin kifi, mai faffaɗar wutsiya. Irin wannan mai kauri ne, kuma a nan POP ko silikon na buɗaɗɗen zubi sun wadatar, har sun fi sauƙin sarrafawa, tunda kana ganin robar tana nutsewa kana ƙarawa. Mai neman tsage kuwa ya san haƙoransa, koton roba ba ya kai cizo biyu a bakinsa. Kuɗinsa ya fi amfani a mazubin alminiyam na dalma, ya riƙa zuba kai mai nauyi yana ɗaura masa gashi ko zare mai walƙiya. Masu birgi da kalli da ke buƙatar dalma da yawa iri ɗaya su ma nan ne wurinsu, kuma irin wannan siffa mai sauƙi maƙerin gida zai yi ta ba tare da an nemi na waje ba.

Ga mai koton roba da bai riga ya san siffar da kifin ruwansu ke so ba, shawarata kada ya fara da alminiyam. Siffar da aka sassaƙa a ƙarfe ta zauna ke nan, kuma yawancin na kasuwa an tsara su ne don kifayen tafkunan Amurka. Ya gwada da POP, ya rage wutsiya, ya ƙara ciki, ya kai ruwa ya gani. Idan ya sami wadda ke kamawa, har abokan fatsa suka fara tambaya ko zai sayar, lokacin ne jiran minti goma zai fara ci masa rai, lokacin ne kuma alminiyam zai biya kuɗinsa. Ya lissafa har da sirinji, da abin matsewa, da safar hannu mai kauri, da ma'aunin zafi, domin mazubin shi kaɗai ba ya aiki.

Idan za ka sayi na dalma daga waje, duba lambar ƙugiyar da aka yi shi dominta kafin ka biya. Kowane rami an yanka shi ne daidai da wata ƙugiya mai wani kauri da wata lanƙwasa, kuma idan ba a samunta a kasuwarku, ko dai mazubin ya ƙi rufuwa ko dalma ta tsiyaye ta gefen ƙarfen. Na hannu kuma, ko wanda maƙeri ya zuba maka, ka rufe shi ka ɗaga saitin rana ka leƙa tsakanin ɓari biyun. Inda haske ya ratsa, dalma mai zafin digiri 380 za ta ratsa, sai a koma kan gilashi da samfefa kafin a hura wuta.